Cacar Ƙwallo a Bauchi: Wace Doka Ce Ke Aiki?

Mutane da yawa a Bauchi sun ɗauka tunda kamfanonin cacar ƙwallo suna talla a talabijin, wasu ma suna ɗaukar nauyin ƙungiyoyi, to gwamnati ta halatta abin a ko'ina cikin ƙasar nan. Ba haka ba ne.

A 2005 aka yi dokar tarayya kan caca, aka kafa hukumar da ke ba kamfanoni lasisi daga Abuja. Jihar Legas ta kai ƙara a 2008, tana cewa tsarin mulki bai ba Majalisar Tarayya wannan hurumi ba. Shari'ar ta daɗe, sai a watan Nuwamba na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci: maganar caca ta majalisun jihohi ce, dokar 2005 kuma iyakarta Abuja. Saboda haka takardar lasisin tarayya da wani zai maƙala a bangon shagonsa a Yelwa ko Wunti ba ta kare shi daga dokar jiha.

A Bauchi kuwa doka biyu ke aiki. Akwai dokar laifuka ta shari'ar Musulunci da aka fara amfani da ita a 2001, zamanin Gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu, wadda ta hau kan Musulmi. Tushen haramcin a fili yake a Suratul Ma'ida, aya ta 90, inda aka haɗa caca da giya a wuri ɗaya. Sai dai caca ba ta cikin laifukan haddi; hukuncinta ta'aziri ne, wato alƙali ne zai yanke gwargwadon abin da dokar jiha ta tanada. Wanda ba Musulmi ba, kotun majistare za a kai shi a ƙarƙashin dokar Final Kod, ita ma ta ɗauki buɗe gidan caca a matsayin laifi.

To ina gizo ke saƙa? A waya. Waɗannan dokoki an rubuta su ne da tunanin 'yan karta a zaure ko a bayan tasha, wurin da Hisba ko 'yan sanda za su iya dira su kwashe mutane. Yau kuwa saurayi na zaune a gidan kallon ƙwallo, ya tura naira 200 daga asusunsa, ya haɗa wasanni goma na Ingila da Sifen a tikiti ɗaya, na kusa da shi ma bai san me yake yi ba. Kamfanin na Legas ko na wata ƙasa, ba shagon da za a garƙame. Ƙa'idar da kamfanonin ke rubutawa ta cewa sai ɗan shekara 18 ita ma ba ta da ƙarfi, tunda yaro na iya amfani da asusun yayansa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda mutumin da ba zai taɓa zama a tabarmar 'yan karta ba zai ce wannan ba caca ba ce, sanin ƙwallo ne. Mu yi lissafi. A ce kowane wasa kana da damar cin kashi 70 cikin 100, wanda ba ƙaramin sani ba ne. Idan ka haɗa goma, damar su fito duka ba ta kai kashi 3 cikin 100 ba. Shi ya sa kullum labarin ɗaya ne: "Wasa ɗaya ne ya yanke min tikiti." Wannan saura ƙiris ɗin shi ke dawo da mutum washegari, da kuɗin cefane, daga baya da kuɗin balas ɗin mai babur ko na uban gida a kasuwar Muda Lawal.

A nan ne dokokin biyu suka bar giɓi. Sun san mai laifi, amma ba su yi wa wanda abin ya zame masa jaraba wani tanadi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin jerin cututtuka, kuma alamominta sanannu ne: ƙara yawan kuɗin da ake zubawa, bin hasara da nufin ramawa, ɓoye wa iyali, cin bashi, da kasa dainawa ko an yi rantsuwa. Mai irin wannan hali likitan ƙwaƙwalwa zai iya duba shi, kuma zuwa asibiti neman magani ba kai ƙarar kai ba ne. Iyalai da yawa ba su san haka ba, sai su yi ta biyan bashin a ɓoye don gudun abin kunya, har ranar da mai bin bashi zai yi sammaci.