Famfo ya daskare, kwata ta dawo cikin gida: amsar tambayoyin da kuke maimaita mini kowane hunturu

Na daɗe ina aikin kula da gidajen haya a Shikago, kuma duk shekara da Disamba ta kama, wayata ba ta hutawa. Ɗalibai, sababbin zuwa, har da waɗanda suka yi shekara goma a Amurka, tambayoyin dai su ne na bara. Bakina ya gaji da maimaici. Ga su nan a rubuce, ku karanta tun ruwa bai zubo muku daga silin ba.

Zan je gida hutun wata guda. In kashe hita don kada kuɗin gas ya taru?

Kada ka kuskura. Ka bar ta a kan 55 na ma'aunin Faranhait, wato 13 a ma'aunin Salshiyos, ko sama da haka.

Da wannan na fara domin ita ce ta fi ci mini rai. Na taɓa buɗe wa wani iyali ƙofa ranar da suka dawo daga biki a gida. Sun kashe hita kafin su tafi. Silin ɗin falo ya rufto a kan kujeru, darduma ta sha ruwa har tana ƙara in an taka, akwatin takardun yara yana cikin ruwa a ɗakin ƙasa, wato na ƙarƙashin ƙasa. Matar gidan ta tsaya a bakin ƙofa da jaka a hannu, ta kasa cewa uffan. Abin da suka yi tattali a gas bai kai kuɗin kujera ɗaya ba. Ga kuma inshora: kamfanoni da yawa ba sa biyan ɓarnar daskarewa idan an bar gida babu kowa kuma babu ɗumi. In tafiyar mai tsawo ce, rufe babban makullin ruwa, buɗe famfuna ruwan ciki ya tsiyaye, ka ba wani amintacce mabuɗi ya riƙa leƙawa.

Me ke sa bututu ya fashe?

Ruwa in ya zama ƙanƙara yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100. Ƙanƙarar ta toshe hanya, ta yi ta matse ruwan da ke tsakaninta da famfon da ke rufe, har bututun ya tsage. Shi ke nan.

A wane irin sanyi zan fara damuwa?

Ruwa yana daskarewa a 32 na Faranhait, wato sifili a Salshiyos. Amma bututun cikin gida yakan shiga haɗari ne idan sanyin waje ya sauka zuwa 20 na Faranhait ko ƙasa, musamman in da iska. A ƙarshen Janairun 2019 nan Shikago mun ga 23 ƙasa da sifili a Faranhait. Wannan ba sanyin hunturun Kano ko Jos ba ne, ku daina kwatanta su.

Ina da kurfoti da gawayi. In kai kusa da bututun?

Subhanallahi! A'a. Ba gawayi, ba risho, ba kyandir, ba wutar walda, ba janareta a cikin gida ko gareji. Gidajen nan cike suke da katako, kuma a rufe suke ruf, ba kamar tsakar gidanmu da iska ke ratsawa ba. Gawayi yana fitar da iskar guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Mutum ya ji ciwon kai, ya ce bari ya kishingiɗa, shi ke nan. A guguwar sanyin da ta afka wa jihar Teksas a Fabrairun 2021, hukuma ta ƙirga mutum 246 da suka rasu, kuma cikinsu akwai waɗanda wannan iskar ta kashe suna neman ɗumi. Ita ma ƙaramar hitar lantarki ba abin wasa ba ce. Gobarar unguwar Bronx ta New York a Janairun 2022, wadda ta ci rai 17, yawancinsu 'yan'uwanmu 'yan Gambiya, daga irin wannan hitar ta tashi. Don Allah, na roƙe ku.

Barin famfo yana ɗiga duk dare ba almubazzaranci ba ne?

Hajiya, na fahimci damuwarki, mu da muka taso muna sayen ruwa a wurin 'yan garuwa. Amma ɗigon nan shi ke rage matsin da ke fasa bututu. Sa bokiti a ƙasa, da asuba ki yi alwala da wanke-wanke da abin da ya taru. Ba duk famfunan gida ba, wanda bututunsa ke bin bangon waje kawai. Ki kuma buɗe ƙofofin kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke ɗumin ɗaki ya shiga, amma ki kwashe magungunan wanki daga nan saboda yara.

Na tashi da safe famfon kicin ba ya kawo ruwa. In narkar da kaina ko in kira fulamba?

To, wannan ce tambayar da ba ta da amsa ɗaya, kuma ba na son a ce ni na ce. Ya danganta da inda ƙanƙarar take, da irin bututun, da ko gidan naka ne ko haya kake.

Da farko kwantar da hankalinka. Ba duk bututun da ya daskare ne yake fashewa ba, da yawa suna narkewa lafiya. Zagaya gidan ka buɗe kowane famfo. Idan guda ɗaya ne ya tsaya, galibi matsalar tana wani ɗan yanki da ke jikin bangon waje, ko ƙarƙashin bene, ko kusa da wata kafa da iska ke shigowa. Idan kuwa duk gidan ne babu ruwa alhali maƙwabta suna da shi, mai yiwuwa a wajen mita ne ko a bututun da ya taho daga titi ta ƙarƙashin ƙasa. Wannan ba aikinka ba ne, kira mai gida ko fulamba.

In haya kake, ko da famfo ɗaya ne, fara tura wa mai gidan saƙo a rubuce tare da hoto. Na ce a rubuce. Gobe in ɓarna ta fito, saƙon nan ne shaidarka.

Sai abu mafi muhimmanci: kafin ka kai ɗumi kusa da bututun, ka je ka tabbatar hannunka ya san inda babban makullin ruwa yake, kuma yana murɗuwa. Dalili shi ne, in bututun ya riga ya tsage, ƙanƙarar ce ta toshe tsagar. Ba za ka ga ko ɗigo ba sai ta narke, sannan ruwa ya ɓalle gaba ɗaya. Ba a nan ake fara neman makulli da tocila ba.

Idan idonka yana ganin bututun, duba shi da kyau. Ka ga ya kumbura, ko ya tsage, ko ƙanƙara ta fito ta jikinsa kamar gemu? Rufe ruwa, ka tsaya nan, aikin fulamba ne. Idan lafiyarsa ƙalau, sai dai ya yi fari da raɓa kuma yana da sanyin gaske a hannu, za ka iya gwadawa. Bar famfon a buɗe, na zafi da na sanyi. Ɗauki na'urar busar da gashi, ko tawul da aka tsoma a ruwan zafi, ka fara daga wajen bakin famfo kana matsawa baya a hankali. Daga bakin famfo na ce, domin ruwan da ya narke ya sami mafita; in ka fara daga can ciki, ka ƙara matsi ne kawai. Ƙafarka kada ta kasance cikin ruwa kana riƙe da abin lantarki. Zai iya ɗaukar rabin sa'a, zai iya fin haka. Da ka ji famfon ya fara tari yana tofar da ruwa kaɗan-kaɗan, ci gaba har ya dawo da ƙarfinsa.

Idan kuma bututun yana cikin bango, nan ne nake ɗari-ɗari. Za ka iya ƙara ɗumin gidan, ka buɗe kabad, ka jira 'yan sa'o'i. Za ka iya ajiye hitar lantarki tana fuskantar bangon, da tazarar mita ɗaya daga duk abin da zai kama wuta, a jona ta kai tsaye a soket ɗin bango, kai kuma kana zaune a ɗakin. Wani lokaci hakan ya isa. Bututun roba na zamani yakan jure kumburi fiye da na tagulla, amma shi ma mahaɗansa suna iya tsagewa, don haka kada wannan ya ruɗe ka. Ni dai a ganina, in rana ta yi tsaka ruwa bai dawo ba, ko an ce daren zai fi sanyi, biyan fulamba ya fi sauƙi a kan jira. Kada ka fasa bangon gidan haya da kanka.

Bayan ruwa ya dawo ma ba ka gama ba. Rufe duk famfuna ka je ka kalli mita. Tana motsi? Akwai yoyo a wani wuri. Shafa bango, ɗaga kai ka dubi silin, yau da gobe.

Wurin wanke-wanke ya toshe. Sanyi ne?

Sanyi ne da manjanki. Kin san yadda manja da man shanu suke yin barci a kwalba da hunturu a gida? Haka suke yi a bututu, har sun fi. Na sha kwance bututun ƙarƙashin kicin in tarar da shi cike da jan kitse mai tauri, haɗe da shinkafa da guntun tuwo, sai da cokali nake kwasowa. Ragowar mai a juye a gwangwani ya daskare, a jefa a shara. A goge tukunya da takarda kafin a wanke. Kuma kada a zuba maganin buɗe kwata mai ƙarfi a bututun da ake zaton ƙanƙara ce ta toshe shi: zai tsaya a ciki, ya ƙona hannun wanda zai zo gyara.

Ruwa mai wari yana ɓuɓɓugowa daga magudanar ɗakin ƙasa in an kora masai.

Ku tsayar da komai yanzu: wanka, injin wanki, kora masai. Babban bututun da ke fita zuwa titi ne ya toshe, duk abin da kuka zuba zai dawo muku. Yawanci kitse ne, ko saiwar bishiya, ko ƙyallen goge jarirai da ake jefawa a masai, ko da an rubuta a ledarsa wai yana narkewa. Shikago kuma tana da tata matsalar: a yawancin birnin ruwan sama da na masai hanya ɗaya suke bi, don haka in dusar ƙanƙara ta narke ga ruwan sama, lambatu yakan cika ya dawo gidaje. Wannan ruwan najasa ne kuma yana ɗauke da cuta. Yara kada su sauka, a sa takalmin roba da safar hannu, in ya kai soket kada kowa ya shiga. Dardumar da ta sha shi a haƙura da ita. Masu gidan kansu su duba takardar inshora, sau da yawa inshorar dawowar kwata sai an saye ta daban.

Mai gidan da muke haya ba ya kunna hita sosai.

In shi ke riƙe da ita, dokar Shikago ta wajabta masa ɗumin gida ya kai 68 na Faranhait da rana, 66 da dare, daga 15 ga Satumba zuwa 1 ga Yuni. Kira 311, lambar kai ƙorafi ga hukumar birnin. Ba rashin kunya ba ne, haƙƙinka ne.

Tiyon ban-ruwa na waje fa?

Cire shi tun Oktoba.

Malam, wai ina babban makullin ruwan yake?

Kai ɗan'uwa, shekara uku kana cikin gidan! Sauka ɗakin ƙasa, nemi inda bututu ya shigo ta bangon da ke fuskantar titi, kusa da mita. In mai kamar ƙaramin sitiyari ne, murɗa shi dama har ya tsaya. In mai hannu ne, juya shi ya gitta bututun. A gidan bene mai ɗakuna da yawa tambayi mai kula da ginin, sannan ka duba ƙananan makullan da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke da bayan masai. Ɗaura masa jan ƙyalle, ka kira uwargida da babban yaronka ka nuna musu yau, kowa ya murɗa da hannunsa ka gani.