Wat nawa ce? Tambayar da ke ɓatar da mai sayen amfilifayar jita

Tun da sola ta shiga gidaje, kalmar wat ta zauna a bakin kowa. Mai sayar da fanel wat, mai gyaran inbata wat, ɗan siyasa ma in ya hau mumbari sai ya liƙa mata mega a gaba ya yi alƙawarin dubbai. A tallan rediyo kuwa abin ya wuce gona da iri: an kawo sabuwar lasifika mai wat 5,000, wai ana jiyo ta daga unguwa zuwa unguwa. Wannan tallan ne ya bi matasa masu koyon jita har cikin shago. Yaro zai je neman ƙaramar amfilifaya, wato akwatin da ke ƙara sautin jita, da zai riƙa gwaji da ita a ɗaki, ya kuma ɗora ta a babur zuwa gidan biki ko coci, amma tambayarsa ta farko ita ce ta ƙarshe: wat nawa ce? In mai shago ya ce 100 sai fuskarsa ta washe. In ya ce 20 sai ya juya baya.

Abin da ke ba ni haushi a nan shi ne an mayar da wat ma'aunin ƙara, alhali ba aikinsa ba ke nan. Wat yana auna yawan ƙarfin da ake kashewa ko ake turawa a cikin kowace daƙiƙa. An sa masa sunan James Watt, injiniyan Sukotland da ya gyara injin tururi, wanda ya rasu a 1819. Wani abin dariya, shi kansa Watt ɗin gwanin talla da lamba ne. Shi ya yaɗa ma'aunin ƙarfin doki domin ya nuna wa masu ma'adinai da masu masana'antu dawakai nawa injinsa zai maye musu. Ƙarfin doki ɗaya wat 746 ne. Bambancinsa da masu tallan yau, shi lambarsa ana iya gwada ta.

Kowa ya ga misalin wannan a silin ɗakinsa. Tsohon ƙwan fitila mai zare yana cin wat 60, na zamani mai wat 9 ya ba da haske kusan daidai da shi. Ashe wat yana faɗa maka abin da ƙwan ya ci ne, hasken da ya bayar kuma da wani ma'auni ake auna shi. Haka abin yake a amfilifaya. Wat ɗin da aka rubuta a fuskarta wutar da take tura wa lasifika ce. Yawan ƙarar da lasifikar za ta fitar da wannan wuta kuwa da desibel ake auna shi, kuma lissafin desibel ba ya bin hanyar da zuciya take zato.

In ka ninka wat, daga 50 zuwa 100, abin da ka ƙaru da shi desibel 3 ne kacal. Kunne zai ji an ɗan ƙara, amma ba zai ce an ninka ba. Kafin kunnen ɗan Adam ya yarda cewa ƙara ta ninka, sai an ƙara kimanin desibel 10, wanda ke buƙatar a ninka wat sau goma. Ma'ana, amfilifaya mai wat 50 ninki biyu kawai ta yi wa mai wat 5 a kunne, in lasifikarsu iri ɗaya ce. Kuma wanda yake son ninka ƙarar mai wat 50 sai ya nemo wat 500. Saboda haka mutumin da ya ƙara kuɗi masu yawa ya kuma ƙara wa kansa kaya don ya tashi daga 50 zuwa 100, desibel 3 ya saya da ciwon baya.

Lambar da ta fi wat muhimmanci ita ce wadda ba na jin ana tambaya: kaifin lasifika. Kamfanoni suna auna shi ta hanyar ba lasifika wat 1 tak, su ajiye makirfo a nisan mita 1, su rubuta desibel nawa ta fitar. Lasifikar jita ta Celestion Vintage 30, wadda take cikin akwatuna da yawa, desibel 100 aka rubuta mata. Wasu lasifikun da ake sawa a amfilifaya masu araha suna tsayawa wajen 95 ko ƙasa da haka. Bambancin 5 kamar ba komai ba, amma bari mu yi lissafin. Amfilifaya mai wat 15 a kan lasifika mai desibel 100 za ta kai kusan desibel 112. Mai wat 50 a kan lasifika mai desibel 95 ita ma 112 ɗin za ta kai. Sun yi kunnen doki, alhali a takarda ɗaya ta ninka ɗaya fiye da sau uku. Wannan ne ya sa Vox AC30, mai wat 30 kawai, ta yi suna da ƙarar da take korar mutane daga gaban dandamali tun shekarun 1960, har yau kuma masu ita da wuya su buɗe ta gaba ɗaya a ƙaramin zaure.

A sake duba lambar nan da kyau: wat 1 tak, desibel 100, a nisan mita 1. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta ba da shawarar kada mutum ya wuce awa 8 a cikin ƙarar desibel 85, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin gida biyu. In ka bi lissafin har desibel 100, minti 15 ya rage. To mai gwaji a ɗaki, wanda amfilifaya take gefen gadonsa, me zai yi da wat 100? Ko wat 1 ɗin ya ishe shi faɗa da maƙwabta. Shi ya sa masu ƙera amfilifaya na yanzu suke sa maɓallin rage ƙarfi. Boss Katana mai wat 50, wadda ta fara fitowa a 2016, tana da wurin mayar da ita wat 25, da kuma rabin wat. Wannan rabin wat ɗin shi ne abin da mai ita zai yi amfani da shi yawancin kwanakin mako.

Sai kuma zancen da ya fi kowane yawo a tsakanin makaɗa, wai wat ɗin amfilifaya mai kwalba ya fi na mai taransista ƙarfi. Mai kwalba ita ce mai ƙananan kwalaben gilashin nan da suke yin ja su yi zafi, irin na tsoffin rediyo. A kimiyyance wat wat ne, ba shi da babba da ƙarami. Amma makaɗan ba ƙarya suka yi ba, bayanin ne suka kuskure. Kowace amfilifaya tana da iyakar da in ta wuce, sauti zai fara murɗewa. Ita mai kwalba a hankali take shiga wannan hali, muryarta ta yi kauri da ɗan gurnani mai daɗi, wanda shi ne ma abin da makaɗin jita yake nema, don haka sai ya ci gaba da murɗa bolum ya wuce iyakar da aka rubuta. Mai taransista kuwa in ta kai iyakarta sai ta tsage da wani ƙaiƙayi mai cizon kunne, dole ka ja baya tun kafin ka isa can. Ɗaya ana cin moriyarta har bayan lambarta, ɗaya ana tsayawa kafin lambarta.

Kamfanin Fender da kansa ya tabbatar da wannan a 2019, lokacin da ya fitar da jerin Tone Master. Sanannar amfilifayarsa Deluxe Reverb mai kwalba wat 22 ce, nauyinta kimanin kilo 19. Da suka tashi yin wadda za ta kwaikwayi muryarta da na'ura mai lissafi, ba tare da kwalba ko ɗaya ba, sai suka sa mata injin wat 100, don kawai ta iya yin abin da mai wat 22 take yi ba tare da ta tsage ba. Nauyinta ya dawo kilo 10 da 'yan kai. Babbar yayarta Twin Reverb mai wat 85, wadda duk wanda ya taɓa hawa bene da ita ba zai manta ba, kilo 29 ce. Tata kwaikwayon an ba ta wat 200, ta tsaya a kilo 15. Yanzu a ce yaron nan na shago ya ga Deluxe Reverb da kwaikwayonta a jere. Wat nawa ce? Amsar gaskiya ita ce 22, kuma 100, ya danganta da abin da kake nufi. Wadda ta fi yawan wat ita ce ta fi sauƙin ɗauka, kuma ƙararsu kusan ɗaya. Duk abin da yake zato game da kalmar ya rushe a kan akwati guda.

Nauyi daga wasu wurare uku yake zuwa, kuma ba lambar da ke fuska kaɗai ke yanke shi ba. Na farko taransifoma: mai kwalba tana ɗauke da manya guda biyu, ɗaya na shigar wuta, ɗaya na fitar sauti, dukkansu ƙarfe ne da wayar tagulla. Tsarin zamani marar kwalba da ake kira Class D ya kawar da buƙatarsu, ga shi yana mayar da kimanin kashi 90 cikin 100 na wutar da ya ja zuwa aiki maimakon zafi. Na biyu maganaɗisun bayan lasifika. Na zamanin da baƙin dunƙule ne mai nauyi, na ƙarfen neodymium kuwa ƙarami ne ya yi aikin babba. Na uku katakon akwatin. Fender ta haɗa duka ukun ne ta zubar da kusan rabin nauyin. Ni dai a ra'ayina, mai kaɗa jita a bukukuwa, wanda shi ne direba shi ne ɗan dako, kilo ya kamata ya fara tambaya kafin wat.

Daga ina wannan son babbar lamba ya samo asali? Yana da dalili a zamaninsa. A tsakiyar shekarun 1960 kayan sautin dandamali muryar mawaƙi kawai suke ɗauka, jita kuwa sai dai amfilifayarta ta kai ta har kujerar ƙarshe. Da mawaƙan Ingila na Beatles suka yi wasa a filin Shea na New York a 1965 gaban mutum sama da 55,000, suna da amfilifaya masu wat 100, amma ihun jama'a ya binne su. A wannan shekarar ce Jim Marshall a Landan ya ƙera tasa mai wat 100 saboda makaɗa irin su Pete Townshend suna neman ƙarin ƙara. Yanzu kuwa ana kafa makirfo a gaban ƙaramar amfilifaya, ko a ja waya daga bayanta kai tsaye zuwa miksa, wato na'urar da ke haɗa sautukan dandamali, manyan lasifikun taro su ɗauki sauran aikin. Amfilifayar da ke kan dandamali aikinta ka ji kanka a kan mai ganga, shi ke nan.

Inda wat yake da ɗan haƙƙi shi ne fili. A waje babu bangon da zai dawo da sauti, kuma duk lokacin da nisa ya ninka ana asarar kimanin desibel 6. Abin da ya fito 112 a mita 1 zai zama 100 a mita 4, ya zama 88 a mita 16. Makaɗan jita na Agadez da suke wasan biki a fili da janareto sun san wannan a aikace. In babu miksa kuma kana son jitarka ta fita tas ba gurnani, to ƙarin wat zai yi maka rana, musamman a mai taransista. Amma ko a nan, ɗaga amfilifayar daga ƙasa ka ɗora ta a kujera ta fuskanci kunnuwan mutane ya fi ƙarin desibel 3 amfani.

Shi kuwa wat 5,000 na tallan rediyo, an ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙasa. In ka duba kwalin za ka tarar da haruffa PMPO kusa da lambar. Wannan ba shi da wata ƙa'idar awo da aka yarda da ita, kowane kamfani abin da ya ga dama yake rubutawa. Irin wannan cika baki ne ya sa hukumar kasuwanci ta Amurka ta kafa doka a 1974 cewa masu tallan kayan sauti na gida su faɗi ƙarfin da na'ura take iya riƙewa a jere, wanda a kwali ake yawan rubuta masa RMS. Ba sai ka zama injiniya ba kafin ka kama su. Filogi mai ƙafa uku irin na Najeriya fis ɗinsa mafi girma amp 13 ne, a kan wutar bolt 230, wato kimanin wat 3,000 ne iyakar abin da zai bari ya wuce. Na'urar da take shan wuta ta wannan filogi ba za ta riƙa fitar da 5,000 ba. Juya bayanta ka karanta 'yar takardar da ke kusa da inda waya take shiga, a nan aka rubuta kimanin abin da take ja daga bango, kuma ba na'urar da take tura wa lasifika a jere fiye da abin da ta ja.

Wannan 'yar takardar ta baya tana da wani amfanin ga mai sayen na hannu. Amfilifayar da aka ƙera don kasuwar Amurka bolt 120 take so. Ka cusa ta a bangon Kano ko Maraɗi ba tare da taransifoman rage wuta ba, sai dai ka ji ƙauri. In ka ce za ka riƙa yawo da taransifoman kuma, nauyin da ka gudu ya dawo ta bayan gida.

Ga wanda ɗaki ne kawai wurin gwajinsa, ƙananan nan masu batir irin Roland Micro Cube, mai wat 2 da nauyin da bai kai kilo 4 ba, sun wadatar, ga su ba ruwansu da ɗauke wuta. Wanda yake son akwati ɗaya ya yi masa gida da waje, ya nemi mai lasifika inci 12, mai maɓallin rage ƙarfi, mai ramin abin sawa a kunne don dare, mai kuma hanyar fita zuwa miksa. In mai kwalba ce, wat 15 zuwa 22 yakan iya tsayawa da mai ganga a matsakaicin zaure. In mai taransista ce, a fara daga 50. Sannan ya je shagon da jitarsa, ya sa a buɗe masa ita sosai ya saurara, ya kuma ɗaga ta da hannu ɗaya ya taka da ita zuwa bakin ƙofa ya dawo kafin a fara ciniki.