Waiwaye: yadda aka shafe shekaru ana gyaran duwatsun kwal na Appalachia

A tsaunukan Appalachia da ke gabashin Amurka, musamman a jihohin West Virginia da Kentucky, akwai shimfiɗaɗɗun filaye kore shar a can sama, a wuraren da a da kawunan duwatsu ne lulluɓe da daji. Kamfanonin haƙar kwal ne suka yanke su. Tun wajejen 1970 suka ɗauko wannan salo: a sare daji, a dasa nakiya, a fasa kan dutse har a taras da kwal, tarkacen kuma a tura shi cikin kwarin da ke gefe. Ƙididdigar gwamnatin tarayya ta nuna cewa daga 1985 zuwa 2001 an binne ƙoramu masu tsawon mil 724 ta wannan hanya.

Da farko babu wata dokar tarayya da ta tilasta wa kamfani gyara abin da ya ɓata. A watan Fabrairun 1972 madatsar dagwalon kwal ta ɓalle a kwarin Buffalo Creek da ke West Virginia, mutum 125 suka rasu, lamarin da ya ƙara wa masu neman doka ƙarfi. A watan Agustan 1977 Shugaba Jimmy Carter ya sanya hannu a kan dokar gyaran wuraren haƙar kwal. Dokar ta ce kamfani ya ajiye kuɗin jingina kafin ya fara aiki, ba zai karɓi abinsa ba sai ya mayar da ƙasa kusa da siffarta ta asali. Sai dai ta bar ƙofa: idan aka ce za a yi wani amfani da filin, ana iya barinsa a baje. An gina gidan yari a wani, filin jirgin sama a wani, amma akasarinsu suna nan ba a yi komai da su ba.

A ganina babbar ɓarnar ta biyu daga gyaran kansa ta fito. Abin da masu duba aiki suka fi tsoro shi ne zaftarewar ƙasa, don haka katafila ta riƙa bi tana dannewa har ƙasa ta yi tauri kamar daɓe, sannan a watsa irin ciyawa mai saurin yaɗo. Cikin wata kaɗan wuri ya yi kore, a ƙarshe a saki jingina. Amma saiwar itace ba ta ratsa irin wannan ƙasa, ruwan sama ma ba ya shiga, sai dai ya gangara. Ɗan tsiron da ya yunƙura kuwa ciyawa ta shaƙe shi. Shekara ashirin, talatin, fili yana nan jiya i yau, a yankin da dajinsa yake cikin mafi yawan nau'in itatuwa a Amurka.

Masu bincike a jami'o'in Virginia Tech da Kentucky ne suka nuna cewa akasin haka ya kamata a yi. Daga aikinsu aka kafa shirin sake dasa dajin Appalachia a 2004, da ƙa'ida mai sauƙi: a zuba ƙasa mai kyau aƙalla ƙafa 4, a bar ta sako-sako, a rage ciyawa, a dasa itatuwan asalin yankin. Tsofaffin filayen da aka riga aka danne kuma, ƙungiyar Green Forests Work da ta fara aiki a 2009 takan sa katafila ta ja dogon haƙorin ƙarfe, ta tsaga ƙasa tsaye da kwance. Fili yakan koma kaca-kaca, duk duwatsu a waje, ba daɗin gani, kuma a cikin wannan hargitsin ne itatuwa suke kamawa. Miliyoyi aka dasa haka.

Ruwa dai bai samu wannan sa'ar ba. Ƙoramar da aka binne ta tafi ke nan, abin da ke tsatsowa daga ƙarƙashin tarkacen kuma yana ɗauke da gishiri da sinadarin seleniyam mai lahanta kifi, shekaru bayan an rufe mahaƙar.

Yanzu kuɗi ne abin damuwa. Da kasuwar kwal ta faɗi, manyan kamfanoni suka karye: Alpha Natural Resources a 2015, Blackjewel a 2019, kuma a wurare da dama jinginar ba ta kai kuɗin gyara ba. Dala biliyan 11.3 da Majalisar Dokoki ta ware a 2021 na mahaƙun da aka yi watsi da su kafin 1977 ne, alhali yawancin duwatsun da aka yanke bayan nan aka yanke su. Mazauna gindin waɗannan duwatsu sun cancanci a faɗa musu ƙarara wanda zai biya.