Tuffa da Maganar Sanyi: Tambayoyin da Na Gaji da Amsawa

Me ya sa tuffata ke ta ganye amma ba fure?

Ba ta samu sanyi ba. Tuffa sai ta kaɗe ganye ta yi barci, a barcin nan ne idanun reshe, wato wuraren da ganye da fure ke tohowa, ke tara awannin sanyi tsakanin digiri 0 zuwa 7 na ma'aunin Celsius. In ba su cika ba, idon ba ya buɗewa yadda ya kamata.

To ai muna da hunturu?

Hunturun Kano da wuya ya sauka ƙasa da 7, kuma rana na ɗagawa zafi ya goge ɗan abin da aka tara.

In na riƙa zuba ƙanƙara a gindinta fa?

A'a. Ido ke jin sanyin, ba saiwa ba. Bar ɓarnar kuɗi.

Na riga na saya na dasa, yanzu ya zan yi?

To nan ne maganar take, kuma ba zan yi maka alƙawari ba. Da farko wane iri ne? In Anna ce ta Isra'ila ko Dorsett Golden da sauƙi, wajen awa 200 zuwa 300 ya ishe su, amma irin su Red Delicious buƙatarsu ta ninka haka nesa ba kusa ba. A Batu ta ƙasar Indunisiya bayan an cire 'ya'ya sai manoma su tsige ganyen kaf da hannu su lanƙwaso rassan a kwance, itacen ya ɗauka lokacin farkawa ya yi, har sau biyu suke girbi a shekara. Amma fa tudu ne mai sanyi, don haka a Jos ko Mambila za ka fi ganin amfanin dabarar, a Sakkwato kam sai dai gwaji. Rage ban ruwa kafin tsigewar, kuma kar ka yi wa ƙaramin itace ko marar lafiya, za ka iya kassara shi. Akwai maganin fesawa, Dormex, guba ne sosai, in ba ka san aikinsa ba don Allah kar ka taɓa. Fara da itace ɗaya ka gani tukuna. In ya ƙi ba sakacinka ba ne, yanayin ne.

Mangwarona fa, shi ma sai ya yi barcin?

Kwantar da hankalinka, ba ya yi. Sanyin dare da bushewar ƙasa ke sa shi fure, shi ya sa kake ganinsa fal a hunturu.

Zan iya shuka ƙwayar tuffar da na saya a kasuwa?

Haba malam! Ba za ta yi irin uwarta ba, kuma yawancinsu masu son dogon sanyi ne. Nemi wadda aka yi wa aure, kuma ka tambayi sunan irin kafin ka ba da ko sisi.