Ganin sunan mutum a takarda bai isa hujjar hana ta ba

An daɗe ana ɗauka a ma'aikatun gwamnatin Najeriya cewa muddin takarda na ɗauke da sunan wani, ba za a ba mai nema ba. Zuwan Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ya ƙara wa wasu jami'ai ƙarfin fakewa da wannan. Kuskure ne babba.

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta riga ta raba gardama. Sashe na 14 ya kare abubuwa irin su fayil ɗin majinyaci, bayanan ɗalibi, takardun haraji da sunan wanda ya tsegunta wa hukuma laifi. Ko a nan akwai ƙofa: ana bayarwa idan mai bayanin ya amince, ko bayanin ya riga ya fita fili, ko maslahar jama'a ta rinjayi sirrinsa. Sunayen ma'aikata, muƙamansu da albashinsu kuwa, sashe na 2 cewa ya yi hukuma ta wallafa su da kanta.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne sashe na 18, wanda ya ce a cire ɓangaren da doka ta kare kawai a ba da sauran takardar. A ce an nemi takardun kwangilar gina asibiti, aka tarar da lambar asusun banki da adireshin gidan wani a ciki. Waɗannan layukan kaɗai za a rufe, a miƙa sauran. A kula: shafa baƙi a kwamfuta ba ya goge rubutun da ke ƙarƙashi, gara a buga a takarda, a rufe, a sake ɗaukar hoto.

Wa'adin amsa kwana 7 ne. Idan an hana, dole a rubuta dalili da sashen da aka dogara da shi, mai nema kuma yana da kwana 30 ya garzaya kotu.