Haƙƙin Ɗan Adam, Tsaro da Diflomasiyya Tsakanin Gwamnatocin da Ba Sa Ga Maciji

A fagen hulɗar ƙasa da ƙasa akwai wata matsala da ta daɗe tana ci wa masu mulki tuwo a ƙwarya, wato yadda gwamnati za ta yi mu'amala da abokiyar hamayyarta da ke zaluntar jama'arta, alhali tana bukatar haɗin kanta wajen kauce wa yaƙi ko tsare iyaka ko ciniki. Gwamnatin da ta samu kanta a wannan hali tana neman kare mutuncin mutanen da ake takawa, tana neman tsaron ƙasarta, tana kuma son ƙofar magana ta kasance a buɗe, kuma sau da yawa abin da ya ƙarfafa ɗaya daga cikinsu yakan raunana sauran.

Tushen saɓanin

Saɓanin yana cikin Kundin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1945 tun asali. Sashe na 1 ya sanya girmama haƙƙin ɗan Adam cikin manufofin majalisar, sakin layi na 7 na sashe na 2 kuma ya hana ta tsoma baki cikin al'amuran cikin gida na kowace ƙasa. Da aka gabatar da Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam a birnin Paris ranar 10 ga Disamba 1948, ƙasashe 48 suka amince, 8 suka ƙaurace wa ƙuri'a, cikinsu har da Tarayyar Sobiyet da Saudiyya da Afirka ta Kudu. Tun daga lokacin, gwamnatin da aka zarga da zalunci takan fake da 'yancin kanta, mai zargin kuma ya kafa hujja da sanarwar. Afirka ma ta bi ta wannan hanya. Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka da aka kafa a 1963 ta riƙe ƙa'idar rashin katsalandan da ƙarfi, sai Tarayyar Afirka da ta gaje ta ta ba kanta ikon shiga ƙasa idan ana kisan ƙare dangi ko laifukan yaƙi.

Yarjejeniyar Helsinki

Misalin da masana suka fi komawa gare shi shi ne na zamanin Yaƙin Cacar Baka. Rikicin makamai masu linzami na Kyuba a watan Oktoban 1962 ya nuna wa Amurka da Sobiyet cewa rashin magana zai iya hallaka su duka, shi ya sa suka kafa layin sadarwa kai tsaye a 1963, suka kuma ƙulla yarjejeniyar taƙaita makaman ƙare dangi a 1972. Masu tsara siyasar Amurka a lokacin, musamman Henry Kissinger, suna ganin tayar da batun fursunonin siyasa zai ɓata cinikin makamai. Majalisar dokokin Amurka ba ta yarda ba, ta zartar da dokar Jackson da Vanik a 1974, wadda ta ɗaure sassaucin ciniki da barin mutane su yi hijira. Sobiyet ta ɗauki hakan a matsayin cin fuska a bainar jama'a, ta watsar da yarjejeniyar cinikin, kuma adadin Yahudawan da aka bari su fita ya ragu a shekarun farko.

Abin da ya faru a Helsinki, babban birnin Finland, ya bambanta da wannan. Ranar 1 ga Agusta 1975 ƙasashe 35 suka sa hannu a kan takarda guda da ta haɗa tsaro da tattalin arziki da haƙƙin jama'a. Sobiyet ta samu abin da take nema, wato amincewa da iyakokin Turai kamar yadda suke bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta kuma yarda a rubuce cewa za ta girmama 'yancin tunani da na addini. Mutane da yawa a Yamma sun ce an yi asara, an ba da ƙasa an karɓi alkawarin baka. Amma an buga takardar a jaridun Sobiyet, 'yan ƙasa suka karanta, kuma a 1976 Yuri Orlov da abokansa suka kafa ƙungiyar sa ido a Mosko, a 1977 kuma irinta ta bayyana a Chekoslobakiya, inda Václav Havel yake cikin jagorori. An ɗaure da yawa daga cikinsu, amma daga nan duk taron da za a yi sai an ambaci sunayen waɗanda ke tsare, kuma ba wanda zai ce katsalandan ne tunda gwamnatin ce ta sa hannu da kanta. A watan Disambar 1986 shugaban Sobiyet Gorbachev ya kawo ƙarshen tsarewar Andrei Sakharov, masanin kimiyya mai sukar gwamnati, a garin Gorki, shekara guda bayan haka kuma Gorbachev da shugaban Amurka Reagan suka sa hannu kan kawar da makamai masu matsakaicin zango. Ba Helsinki kaɗai ce ta kawo wannan sauyi ba, domin durƙushewar tattalin arzikin Sobiyet ta taka babbar rawa, amma ta nuna cewa ana iya cinikin makamai da neman sakin fursuna a zama ɗaya.

Ba ko'ina aka bi wannan ba. Bayan murƙushe masu zanga-zanga a dandalin Tiananmen a watan Yunin 1989, Amurka ta yi barazanar ɗaure cinikinta da Sin da sharaɗin haƙƙin ɗan Adam, amma a 1994 Shugaba Clinton ya raba batutuwan biyu, Sin kuma ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2001. Wannan bambancin ma'auni, a matsa wa mai rauni a kau da kai daga mai ƙarfi, shi ne ya fi zubar da ƙimar masu da'awar kare haƙƙi a idon ƙasashe masu tasowa.

Najeriya ta ɗanɗana ɓangarorin biyu

A kan mulkin wariyar launin fata na Afirka ta Kudu, Najeriya tana cikin masu tsauri. Janar Murtala Muhammad ya amince da gwamnatin MPLA, ƙungiyar da sojojin Afirka ta Kudu ke yaƙa a Angola, a ƙarshen 1975, ya kuma ƙi shawarar Amurka kan Angola a taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Addis Ababa na Janairun 1976, a 1979 kuma gwamnatin Obasanjo ta ƙwace kadarorin kamfanin man Birtaniya na BP bisa zargin hulɗa da Afirka ta Kudu. Gwamnatin Reagan ta zaɓi lallashin Afirka ta Kudu, har majalisar dokokinta ta tsallake ƙin amincewarsa ta ƙaƙaba takunkumi a 1986. Zariya ba baƙuwa ba ce ga wannan muhawara. Jami'ar Ahmadu Bello ta kasance cibiyar adawa da wariya, inda malamai irin su Yusufu Bala Usman da Patrick Wilmot suka yi rubutu da lacca a kanta, kuma Ibrahim Gambari, wanda ya koyar a jami'ar kafin ya zama ministan harkokin waje a 1984, daga baya ya shugabanci kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya na yaƙi da wariyar. Abin takaici, gwamnatin soja ta kori Wilmot daga ƙasar a 1988, a daidai lokacin da take la'antar zalunci a Pretoria.

A 1995 Najeriya ce ta koma wadda ake tuhuma. Nelson Mandela ya bi gwamnatin Abacha da lallashi a asirce don ceto Ken Saro-Wiwa da mutum takwas na Ogoni, amma aka rataye su ranar 10 ga Nuwamba, ana tsakiyar taron Commonwealth a Auckland. Aka dakatar da Najeriya daga ƙungiyar, Mandela ya nemi a daina sayen man ƙasar, manyan masu saye ba su amsa ba. Lallashi bai ceci kowa ba, takunkumin da aka sa kuma bai taɓa kuɗin mai ba, dakatarwar ta ci gaba har aka koma mulkin farar hula a 1999.

Takunkumi da batun Nijar

Takunkumi shi ne makamin da gwamnatoci ke ɗauka idan magana ta gaza kuma yaƙi ya yi tsada. Abin da ya faru a Iraƙi daga 1990 zuwa 2003, inda magani da abinci suka yi ƙaranci yayin da Saddam Hussein ya ci gaba da mulkinsa, ya sa aka fara karkata ga takunkumin da ke bin mutum ɗaya ɗaya, ta hanyar rufe asusunsa da hana shi biza.

Wannan darasi bai yi aiki ba a 2023. Ranar 26 ga Yuli sojoji ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tchiani suka hamɓarar da Shugaba Mohamed Bazoum suka tsare shi. Ƙungiyar ECOWAS, wadda Shugaba Tinubu ke jagoranta a lokacin, ta rufe iyakoki, ta dakatar da hada-hadar kuɗi, ta yi barazanar amfani da ƙarfi, Najeriya kuma ta yanke wutar lantarkin da Nijar ta dogara da ita. Hujjar ƙungiyar tana da nauyi, domin juyin mulki ya riga ya auku a Mali da Gini da Burkina Faso, kuma tsare zaɓaɓɓen shugaba da iyalinsa ba tare da shari'a ba keta haƙƙi ne a fili. Sai dai jihohi bakwai na Arewa, daga Kebbi zuwa Borno, suna iyaka da Nijar, jama'ar ɓangarorin biyu kuma dangi ne, harshe ɗaya, aure ɗaya, kasuwa ɗaya. Manyan motoci suka yi cirko-cirko a Jibiya da Illela da Maigatari, kaya suka lalace, farashin abinci da magani ya hau, kuma fatake har na kasuwannin Zariya da ke hulɗa da Maraɗi sun ji a jikinsu. Haƙƙin da aka fito karewa na mutum ɗaya ne da tsarin mulki, wanda aka taɓa kuwa abincin miliyoyin talakawa ne da ba su da hannu a juyin.

Sanatocin Arewa suka fito suka ƙi yaƙi. Tawagar farko ta Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi ba ta samu ganin Tchiani ba, amma Muhammadu Sanusi na II ya gana da shi a watan Agusta, haka ma tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau. Wannan ya nuna cewa inda jakadu suka kasa shiga, sarakuna da malamai suna da ƙofar da zumunci da addini suka buɗe musu, ko da yake ba su da ikon ƙulla yarjejeniya a madadin gwamnati.

Ranar 24 ga Fabrairun 2024 ECOWAS ta ɗage yawancin takunkumin bisa dalilan jinƙai, alhali Bazoum yana tsare, sojoji kuma suna kan mulki. A watan Janairun 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ta tabbata, abin da ya ƙara wahalar haɗa kai wajen yaƙar 'yan bindiga da Boko Haram a kan iyaka. ECOWAS ta sanar a lokacin cewa za ta ci gaba da karɓar fasfon 'yan ƙasashen uku, ta kuma bar musu 'yancin shige da fice da ciniki har sai an kammala tattaunawa kan sabuwar hulɗa.