Amincin tafiyar jirgin sama da yadda kafafen yaɗa labarai ke nuna haɗarinta

Amincin tafiyar jirgin sama yana nufin dokoki, na'urori, horo da bincike da ake haɗawa domin jirgin fasinja ya tashi ya sauka ba tare da an rasa rai ko an ji rauni ba. Idan aka bi ƙididdiga, jirgin haya na cikin hanyoyin tafiya mafi aminci da ɗan Adam ya taɓa samu. Amma idan aka bi abin da ke zukatan mutane, yana cikin waɗanda aka fi tsoro. Yadda ake ba da labarin haɗari na da hannu babba a wannan saɓani, kuma a Sakkwato akwai wani dalili na daban, wato tarihin da garin ya gani da idonsa.

Abin da ƙididdiga ta nuna

Farfesa Arnold Barnett na jami'ar MIT a Amurka ya daɗe yana lissafa haɗarin mutuwa a jirgin haya. A lissafinsa, tsakanin 1968 da 1977 fasinja ɗaya ne ke rasuwa cikin kowane 350,000 da suka hau jirgi a duniya. Tsakanin 2018 da 2022 kuwa, adadin ya koma ɗaya cikin miliyan 13.7. A shekarar 2017 ba a rasa ko fasinja ɗaya ba a manyan jiragen haya masu injin jet a duniya baki ɗaya. Wannan aminci bai zama daidai a ko'ina ba, domin ƙasashen da hukumominsu ke da rauni sun fi fuskantar haɗari, duk da cewa su ma sun samu ci gaba sosai.

A kan titi kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa duk shekara. A Nijeriya, hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana ƙirga mutum wajen 5,000 da ke rasuwa a hanyoyin ƙasar kowace shekara, waɗanda labarinsu ya kai gare ta kenan. Wanda zai je Abuja daga Sakkwato yana da zaɓi biyu: ko ya tashi daga filin jirgin saman Sultan Abubakar III ya sauka cikin kamar sa'a ɗaya, ko ya wuni a mota ta Gusau, Funtuwa, Zariya da Kaduna. Na biyun ya fi haɗari nesa ba kusa ba, ko da ba a sa maganar 'yan bindiga a ciki ba. Sai dai gaskiya ce cewa yawancin masu bin mota ba tsoron jirgi ya sa su ba, kuɗin tikiti ne.

Ranaku biyu a tarihin Sakkwato

Ranar 11 ga Yuli, 1991, wani jirgi ƙirar DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda ke jigilar alhazai a madadin Nigeria Airways, ya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato. Akwai mutum 261 a ciki: fasinjoji 247 da ma'aikata 14. Babu wanda ya tsira. Bincike ya gano cewa tayoyi biyu ba su da isasshiyar iska, kuma an san da matsalar kafin tashi, amma aka saki jirgin saboda gudun ɓata lokaci. Yayin da yake gudu a kan titin tashi tayoyi suka fashe, wuta ta kama. Matuƙan ba su san da wutar ba, suka janye ƙafafun jirgin zuwa cikin cikinsa kamar yadda aka saba, wutar ta bi ta ci jikin jirgin. Sun juyo za su sauka, jirgin ya faɗi saura kusan kilomita 3 ya kai titin sauka. Har yau shi ne haɗari mafi muni da jirgi ƙirar DC-8 ya taɓa yi. Gidaje da yawa a ƙasar Sakkwato sun yi shara, sun tanadi tarbar alhazai, sai ga shi sun zauna karɓar gaisuwa.

Shekara 15 bayan haka, ranar Lahadi 29 ga Oktoba, 2006, jirgin kamfanin ADC ƙirar Boeing 737 ya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato cikin hadari da iska, ya faɗo jim kaɗan da tashi. Mutum 96 cikin 105 suka rasu. Cikinsu akwai Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo, da ɗansa Sanata Badamasi Macciɗo, da Sanata Sule Yari Gandi, da mataimakin gwamnan jihar, Alhaji Garba Muhammad. An binne Sarkin Musulmi a Hubbare, kuma kwanaki kaɗan bayan haka aka naɗa ƙaninsa, Muhammad Sa'ad Abubakar. Rahoton bincike ya danganta haɗarin da wata irin iska mai juyawa kwatsam, wadda ke sauya ƙarfi da alƙibla cikin daƙiƙoƙi ta danne jirgi ƙasa, da shawarar tashi a wannan yanayi, da kuma kuskure wajen fitar da jirgin daga cikinta.

Wanda ya rasa uwa a Jidda ko ya bi gawar Sarki zuwa Hubbare, ba daidai ba ne a ce masa tsoronsa na jahilci ne. Haɗarin ADC ma shi ne na uku cikin kusan shekara ɗaya: Bellview ya faɗi a jihar Ogun a Oktoban 2005 da mutum 117, Sosoliso ya faɗi a Fatakwal a Disamban shekarar, mutum 108 suka rasu, da yawansu 'yan makaranta. A wancan lokacin sufurin jiragen Nijeriya na da matsala ta gaske.

Abin da ya sauya

A 2006 aka sa hannu a sabuwar dokar sufurin jiragen sama, wadda ta ƙara wa NCAA, hukumar da ke sa ido kan sufurin jiragen sama a Nijeriya, ikon cin gashin kanta wajen ba da lasisi da dakatar da kamfani. A 2007 aka tilasta wa kamfanoni ƙara jari, waɗanda suka kasa suka fita. A 2010 hukumar jiragen sama ta Amurka ta sa Nijeriya a rukuni na ɗaya na ƙasashen da sa idonsu ya cika ƙa'ida. Duk da haka, ranar 3 ga Yuni, 2012, jirgin Dana ya faɗa wata unguwa a Legas bayan injinansa biyu sun mutu, dukkan mutum 153 da ke ciki suka rasu, har da wasu a ƙasa. Daga nan an shafe fiye da shekara goma ba a sake yin babban haɗari irin wannan ba a jigilar fasinja ta yau da kullum a ƙasar. Binciken haɗurra yanzu yana hannun hukumar NSIB, hasashen yanayi na hannun NiMet, kula da sararin samaniya na hannun NAMA.

Tushen wannan tsari shi ne yarjejeniyar Chicago ta 1944, wadda ta haifi ICAO, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya. Ƙa'idarta ta bincike ta ce manufar binciken haɗari ita ce hana sake aukuwarsa, ba neman mai laifi ba. Shi ya sa ake tono baƙin akwatin jirgi, wanda a zahiri launinsa ruwan lemo ne domin a gan shi cikin tarkace, kuma na'urori biyu ne: ɗaya na naɗar maganar matuƙa, ɗaya na naɗar bayanan tafiya. Abin da aka gano sai ya zama doka ko darasi ga kowane kamfani a duniya.

Yadda labari ke girmama haɗarin

Masana halayyar ɗan Adam Amos Tversky da Daniel Kahneman sun nuna a 1973 cewa mutum yana auna yawan faruwar abu ne da saurin da yake tuna misalinsa. Faɗuwar jirgi tana da duk abin da ke zama a ƙwaƙwalwa: wuta, mutane da yawa lokaci ɗaya, sanannun sunaye, hoton takalmi a cikin toka. Motar haya da ta kife a hanyar Tambuwal da mutum takwas ba ta samun fiye da layi biyu, kuma a Hausa ma an saba cewa "hatsarin mota ya rutsa da su", a yi addu'a a wuce. Dubban jirage kuwa suna sauka lafiya kowace rana, babu gidan rediyon da zai karanta wannan a labarai.

Akwai kurakurai da ke maimaituwa. Na farko shi ne cakuɗa matsala da haɗari: jirgin da ya juyo ya sauka saboda wata fitilar gargaɗi, ko ya fasa sauka ya sake zagayowa, sai a rubuta cewa "fasinjoji sun tsallake rijiya da baya", alhali matuƙin ya yi abin da aka horar da shi ne. Sai gaggawar faɗin dalili. Ƙa'ida ta ba masu bincike kwana 30 kafin rahoton farko, cikakken rahoto kuma yakan ɗauki shekara ko fiye, amma tun daren haɗari ake yanke hukunci. Idan rahoton ya fito, hankali ya riga ya koma wani wuri. Yanzu kuma ga Facebook da WhatsApp, inda tsohon hoton haɗarin wata ƙasa ke dawowa da sabon suna. Haka nan mutane sun ɗauka duk haɗarin jirgi mutuwa ce, alhali binciken hukumar NTSB ta Amurka kan haɗurran 1983 zuwa 2000 ya nuna fiye da kashi 95 cikin 100 na waɗanda ke cikin jiragen sun rayu. A Janairun 2024 jirgin Japan Airlines ya ƙone ƙurmus a filin Haneda na Tokyo, aka fitar da dukkan mutum 379 da ke ciki da ransu.

Wannan tsoro na iya cin rai. Bayan harin 11 ga Satumba, 2001, wanda aka kai Amurka da jiragen fasinja da aka sace, Amurkawa da yawa sun bar jirgi sun koma mota, kuma masanin Jamus Gerd Gigerenzer ya ƙiyasta cewa an samu ƙarin mutuwar mutum kimanin 1,500 a kan tituna cikin shekarar da ta biyo baya.

Duk da haka ba a raina aikin 'yan jarida a wannan fanni. Bayan jirage biyu ƙirar Boeing 737 MAX sun faɗi, na Lion Air a Indunusiya a 2018 da na Ethiopian Airlines a Maris 2019, mutum 346 jimilla, tonon da jaridu suka yi ya taimaka wajen fito da aibin wata manhaja da ke dunƙufar da hancin jirgin, da kuma sakacin da aka yi wajen amincewa da ita. Matsin lambar jama'a bayan 2005 da 2006 ma yana cikin abin da ya tura gyara a Nijeriya.

Jinkiri da hazo

Abin da fasinjan Sakkwato ya fi haɗuwa da shi shi ne jinkiri. A lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo kan rufe gari har a kasa hango ƙarshen titin sauka, a damina kuma guguwa kan taso ba zato. Kowane fili na da iyakar nisan gani da doka ta yarda a sauka da shi, idan bai kai ba dole a jira, ko a karkata zuwa wani gari, ko a soke tashi. A ɗakin jira sai ka ga mutane sun yi cirko-cirko, wani na duba agogo yana cewa ɗaurin aure zai wuce shi, wani na ɗaukar bidiyo zai sa a intanet. Fasinja na da haƙƙi a ƙa'idojin NCAA: a sanar da shi dalili, a kula da shi, a mayar masa da kuɗinsa inda ya cancanta, kuma ya dace ya nema. Amma idan dalilin jinkirin yanayi ne ko gyaran taya, to irin wannan jiran ne aka ƙi yi a Jidda a 1991 da Abuja a 2006.